Wasiƙa Zuwa Ga Taubashina A Kan Tsawon Babur

Daga birnin Hamburg, ƙasar Jamus.

Zuwa ga taubashina, abokin wasana tun muna cin ƙasa,

 Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyar Gwaggo da Kawu da amarya da yara, da duk wanda ke sa hannu a akushin gidanmu na Katsina, ina sanar da kai cewa takardarka ta iske ni ranar Laraba, na karanta ta sau biyu, na kuma fahimci cewa tun ranar da ka ga hoton babur ɗin da na saya barci ya ƙaurace wa idonka, har ka yanke hukunci kai kaɗai, ba shaidu ba alƙali, cewa shi ne kuɗin shararka na bana, kuma wajibi ne in sa a rage masa tsawo kafin in sako shi a jirgin ruwa, domin ƙafarka ta riƙa taɓa ƙasa. To, kyauta dai babu ita, aro kuwa akwai in Allah ya kawo ni. Amma mas'alar rage tsawon, da yake na shafe watanni uku ina bincikenta, ba zan bar ka cikin duhu ba, ko da yake na san kai mutum ne wanda in ana bayani hankalinsa na wajen tukunya.

Ka fara sanin sunan abin da kake kwaɗayi. Ténéré 700 ake ce masa, ƙirar Yamaha, kuma sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu, gama shi ne sunan hamadar nan da ke gabas da Agadas, wadda ayarin raƙuman Buzaye ke ratsawa zuwa Bilma su ɗauko kantun gishirin da Kawu ke saya wa dabbobinsa. Dalilin sunan kuwa shi ne tseren nan na Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen shekarar 1978, ya bi ta Agadas, wani Bafaranshe, Cyril Neveu, ya cinye shi a kan Yamaha XT500. Daga nan, a 1983, kamfanin ya raɗa wa babur ɗinsa na hamada wannan suna. Nawa a garin Saint-Quentin na Faransa aka harhaɗa shi. Nauyinsa da mai a ciki kilo 204, sirdinsa ya ɗaga daga ƙasa milimita 875, tsakanin cikinsa da ƙasa milimita 240, tayar gaba tana iya nutsewa ta dawo milimita 210, ta baya 200. Ka riƙe waɗannan adadai, gama a kansu hujjar take.

Abin da ya kai ni wajen makanike tun farko ba tsawo ba ne, nauyi ne. Na ɗaura akwatunan tafiya guda biyu da tanti da jarkar ruwa, na hau hanyar tsakuwa, sai na ji bayan babur ya zauna kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima, gabansa ya yi sakayau, fitila tana haska rassan itatuwa maimakon hanya, in na zo kwana kuma sai ya riƙa gardama. Makaniken, wani dattijo mai ƙarancin magana da yawan awo, bai tambaye ni nawa ke aljihuna ba, sai ya ɗora ni a kan sikeli da hular kwano da takalma da rigar tafiya, ya rubuta, ya auna kayan daban, sa'an nan ya kira yaransa biyu, domin wannan aiki hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka ɗaga babur har tayar baya ta rataya a iska, aka auna daga gindin ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa zuwa wata alama da ya yi a ƙarƙashin sirdi. Aka sauke shi ya tsaya da nauyin kansa, aka sake aunawa. Sa'an nan na hau, ƙafafuna a kan matakai, ɗaya daga cikin yaran yana riƙe da gaba, aka auna na uku. Ƙa'idar da ma'abota wannan fanni suka yi ijma'i a kanta ita ce, in mahayi ya zauna, babur ya nutse kimanin sulusin abin da yake iyawa, wato a nawa milimita 60 zuwa 70 daga cikin 200, domin a bar wa taya sarari ta faɗa rami ta bi ƙasa, a kuma bar mata sarari ta haɗiye tudu. Nawa da kaya ya nutse 95. Rabin dukiyar ta tafi tun ba a fita kasuwa ba.

A nan ne na koyi abin da nake so ya shiga kunnenka, kai da ka kashe shokozobar Jincheng ɗinka da buhunan masara huɗu da ɗan akuya a kan tanki, sa'an nan ka ce sammu aka yi maka. Shokozoba abu biyu ce a jiki ɗaya, kowanne da aikinsa. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shi kaɗai. Man da ke cikin bututun kuwa, wanda ake tilasta wa bi ta wasu ƙananan ƙofofi, shi ke yi wa sifirin linzami, ya hana shi nutsewa da gaggawa, ya kuma hana shi zabura ya yar da mahayi bayan ya nutse. Akwai wata mariƙa da ake murɗawa a ƙara matse sifirin, jahilai suna zaton tana ƙara masa ƙarfi, alhali ba abin da take yi illa ɗaga bayan babur. Sifirin da aka ƙera don mai kilo 75 ba zai zama na mai kilo 110 ba ko da an murɗa har hannu ya yi kanta. Saboda haka tartibin aikin shi ne a fara da sifirin da ya dace da nauyi, sa'an nan a daidaita tafiyar mai, sa'an nan, in da larura, a yi zancen tsawo. Wanda ya juya wannan tartibi ya yi sallama kafin kabbara.

Masu ƙera waɗannan kaya suna da yawa a nan: Öhlins na Suwidin, wanda aka kafa a 1976, da Wilbers na garin Nordhorn a nan Jamus, da Hyperpro da Tractive na Holan, kuma da dama cikinsu sai sun tambayi nauyinka da na kayanka da irin hanyar da za ka bi kafin su haɗa maka. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya canza sifirin kaɗai, ya sami fiye da rabin biyan bukata da kuɗi kaɗan. Ni na sayi shokozobar baya sukutum, kuɗinta ya tasam ma Yuro 1000, ban kuwa ɗauke shi israfi ba, domin ina tuna gargadar hanyoyin ƙauyukanmu da rani, inda taya ke hawa da sauka ba adadi har man ciki ya yi zafi ya tsinke ya daina riƙo, kuma shokozoba mai ɗan tulu a gefe, inda aka raba mai da iskar da aka matse, ta fi jure wannan azaba. Na canza sifirin na gaba su ma, don kada gaba da baya su zama kishiyoyi. A ƙasar nan kuma ba a ɗaura wa abin hawa irin wannan sai da takardar izini, ko a kai wa masu duba motoci su sa hannu.

Yanzu ga fatawarka. Ana rage tsawo, ban musa ba. Hanya mafi araha ita ce a canza wasu ƙarafa biyu da ke haɗa shokozoba da hannun tayar baya, babur ya sauka kamar milimita 20. Amma duk abin da ka sauke daga sirdi, daga cikin 240 ɗin nan na ƙasa ka cire shi, dutsen da da za ka tsallake sai ya gaisa da injin. Sai kuma a sauke gaba daidai da baya, in ba haka ba tuƙi ya canza hali. Sai a gajarta ƙafar jingina, in ba haka ba babur ya tsaya ƙiƙam, iska ta kayar da shi a ƙofar masallaci. Wanda tafiyarsa duk kwalta ce, ko kuwa tsoron faɗuwa ya hana shi jin daɗin hawa, na halatta masa da zuciya ɗaya, gama natsuwar mahayi ta fi milimita 20 daraja. Amma kai da ka rubuta cewa har Maraɗi za ka kai shi ta hanyar daji, uzurinka bai karɓu ba, kuma ga hujjata: Gaston Rahier, mutumin Beljiyam, tsawonsa bai kai mita 1 da santimita 65 ba, wato da kai da shi hula ɗaya ce tsakani, amma ya cinye tseren Dakar sau biyu, a 1984 da 1985, a kan BMW mai tsawon da sai ya tayar da shi, ya bi shi da gudu a gefe, sa'an nan ya yi tsalle ya haye. Ban ce ka yi haka ba, domin tumbinka amana ne a wuyan amarya. Na ce dai ka koyi zamewa gefen sirdi in za ka tsaya, ka kafa ƙafa ɗaya sosai a ƙasa, ɗayar tana kan burki, kamar yadda kowane gwani ke yi.

Bilhasali, babur zai zo da tsawonsa yadda aka ƙera shi. Abin da na yi maka, saboda zumunci da kuma kunyar Gwaggo, shi ne na sayi sirdi na biyu mai ƙarancin soso, wanda zai sauke ka kusan milimita 20 ba tare da an taɓa ƙarfe ko ɗaya ba, ana cire wannan a sa wancan kafin shayi ya huce.

Sharaɗin aro guda biyu ne. Ka je wajen masu auna hatsi a kasuwa ka hau sikeli, bayan cin tuwo ba kafinsa ba, a gaban shaidu biyu adilai. Sa'an nan ka sa tela ya auna ka daga matsematsi zuwa ƙasa, da takalmi, ban da ɗage. Ka aiko mini da adadan nan biyu kafin watan Rajab, domin in san yawan murɗin da zan rubuta maka a jikin tanki. Ka gai da Gwaggo, ka ce mata maganin ƙafarta yana tafe tare da sirdin.

Wassalam.

Naka taubashi, mai babur.