Takarda Zuwa Ga Malam Allon Ƙididdiga, A Kan Shirunsa

Daga almajirinka, akawun ciniki, zuwa ga Malam Allon Ƙididdiga, ma'abucin zane-zane da launuka, mazaunin fuskar kwamfutar ofishinmu.

Ban ɗauki alƙalami don in musanta falalarka ba, domin duk wanda ya taɓa kwana yana haɗa lissafin wata a littafi mai layi, yana lasar yatsa yana juya shafi har fitila ta ƙare mai, ya san cewa zuwanka rahama ne ga jama'ar akawuna. Abin da ya kawo ni mas'ala ce guda ɗaya, wadda ta kunyata ni a bainar jama'a ranar Litinin da ta wuce.

A ranar nan, manaja yana zaune, manyan ma'aikata sun kewaye tebur, an haska ka a bango kowa yana kallo, sai ya umarce ni in nuna masa cinikin takin zamani na Haɗeja. Na sa maka rariya ta farko, wato jiha, ya ce in zaɓi Kano. Na sa ta biyu, wato gari, na zaɓi Haɗeja. Sai kawai ka yi fari fat, kamar allon da aka wanke aka shanye rubutunsa. Ba adadi, ba zane, ba ko kalma. Manaja ya dubi wakilinmu na can da irin duban da alƙali kan yi wa wanda aka kama da akuya, shi kuwa bawan Allah ya shiga rantsuwa cewa tirela guda ya sayar. Sai da aka kwashe rabin sa'a ana ce-ce-ku-ce kafin wani yaro ya tuna mana cewa Haɗeja ta koma Jigawa tun 1991, lokacin da aka cire jihar daga Kano. Kai kuwa ka san haka sarai, ka bar mu muna cin naman ɗan'uwanmu.

Malam, malaman fiƙihu sun ce shirun budurwa izini ne idan aka nemi yardarta ga aure, amma kai ba budurwa ba ne, kuma shirunka ba ya ɗaukar ma'ana guda. Wani lokaci yana nufin abin da aka tambaye ka mustahili ne, kamar neman Haɗeja a cikin Kano. Wani lokaci yana nufin an buɗe shago an rufe ba a sayar da ko buhu ɗaya ba, wanda ja'izi ne, kuma tsakiyar rani yakan auku. Wani lokaci kuma ciniki ya yi kyau, sai dai rahoton reshe bai iso ba, don wuta ta ɗauke ko intanet ta tsinke. Hukunci uku ne mabambanta: na farko yana bukatar a gyara tambaya, na biyu a binciki kasuwa, na uku a buga waya kawai. Yaya za ka lulluɓe su da mayafi ɗaya?

Na ji wasu masu gina irinka suna magance wannan da ƙara sifiri a kan kowane lissafi, don kada fage ya zauna fanko. Wallahi wannan ya fi shirun muni. Sifiri amana ce da ta zo mana daga Hindu ta hannun malamai irin su Alkawarizmi na Bagadaza, kuma shaida ce cewa an ƙirga an tarar babu. Wanda ya rubuta ta alhali bai ƙirga ba, ya yi shaidar zur. Idan aka zo fitar da matsakaicin cinikin rassa, wannan sifirin ƙarya zai ja adadi ƙasa, a zalunci wanda bai ji ba bai gani ba. Ai ko Edgar Codd, Baturen Ingila da ya shimfiɗa ƙa'idar rumbunan bayanai irin naka a kamfanin IBM a 1970, ya yarda a keɓe alama ta daban ga abin da ba a sani ba. Shi ya sa rumbun da kake ɗebo ruwa daga gare shi, idan aka ce ya ƙirga layukan da babu su sai ya ce sifiri, idan kuwa aka ce ya tara kuɗinsu sai ya ba da waccan alama. Ilimin yana gidanku, kai ne kake ɓoye shi.

An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage masa daraja a Madina ba. Ban nemi ka fi shi sani ba.

Roƙona shi ne, idan na zaɓi Kano, ka janye mini Haɗeja daga jerin garuruwa, ko ka dusashe ta yadda zan gane ba hanya. 'Yan'uwanka Excel da Tableau suna da wannan dabara, ba bidi'a na kawo ba. Idan duk da haka rariya ta tankaɗe komai, ka rubuta jimla ɗaya tak, ka ambaci rariyoyin da ke kanka, ka faɗi wadda ta yanke hanya, ka kuma nuna ranar da rahoto na ƙarshe ya shigo, sannan ka ajiye mini madanni guda da zai kwance su gaba ɗaya, domin sau da yawa rariyar da wani ya manta tun jiya ita ce ke ɓoye a kusurwa tana ɓarna.

Wakilin Haɗeja har yanzu ba ya amsa gaisuwata, kuma taro na gaba ranar Litinin ne da ƙarfe tara. Ina roƙonka, don Allah, ka yi magana.

Haza wassalamu.

Naka almajiri,
Akawun ciniki