Zuwa ga Uwargida, Daga Mancesta

Uwargida ran gida, Hajiya Kaka,

Da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Auta, ka karanta mata da ƙarfi, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Kuɗin sun tafi, maganar rufin ɗaki na ji, ta biki kuma kun san matsayina. Aiki lafiya, sanyi ya kankama, kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. To, gyara zama.

Na yi kare.

Ki gama salatin, ina jira. Ba irin na maharban garinmu ba ne. Ciwawa ake ce wa irinsu, asalinsu Meziko, ƙaton cikinsu da ƙyar yake kai kilo 3. Nawa kuwa ɗan kwikwiyo ne, aljihun babbar riga zai ɗauke shi har da goro. An ƙwato shi ne daga hannun masu tara karnuka suna haihuwa don kuɗi, aka kai shi gidan marayun dabbobi. E, gidan marayu na ce. Na raɗa masa suna Zaki.

A wajenmu in karya ta haihu, roƙon mutane ake yi su zo su rage. A nan neman aure ne sosai. Aka ba ni takarda na cike: sana'ata, awa nawa nake yi a waje, haya nake ko gidana ne, mai gidan ya yarda a rubuce, wa zai zauna da yaron in na tafi aiki. Sannan aka turo wata Baturiya bincike. Ta zagaya katanga, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin ƙofar baya ko akwai kafar da zai sulale. Ta hango buhun albasata ta ce a ɗaga shi sama, wai albasa guba ce ga kare, haka inabi da cakulan. Daga nan ta zauna, ta dube ni ido cikin ido, ta ce me ya sa nake son sa?

Kaka, tsakaninki da Allah, da marigayi Malam ya zo nemanki, wa ya yi masa wannan tambayar? Ƙwaryar goro aka dire, aka ce ku ɗauka, Allah ya ba ku haƙuri. Ni kuwa sai da na yi ta zuwa zance, ina zama a ƙasa ana kallo ko jininmu ya haɗu. Ranar da ya lashi takalmina ma'aikatan suka ɗau tafi, guɗa ce kawai ba su iya ba. Na biya sadaki, na sa hannu cewa in zama ya ƙi, ba sayarwa ba kyautarwa, gidansu zan mayar da shi. Lefe kuwa akwai gado, bargo, rigunan sanyi da inshorar lafiya. Bayan tarewa waliyyan suka bugo waya su ji ko yana cin abinci. Ni tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa bugowa ya ji ko na ci.

Kada ki ce sabon salo ne. Babbar ƙungiyar ƙasar nan ta kare haƙƙin dabbobi tun 1824 aka kafa ta, Sarkin Musulmi Bello yana kan gado a Sakkwato. Ta kare yara sai a 1884 ta biyo baya. Tun 2016 kuma doka ta ce kowane kare sai an dasa masa 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai nuna ko na waye, in ba haka ba tara har fam 500. Zaki ya fi ki takardu, ke da kike lissafin shekarunki da zuwan fara.

Rainonsa kuwa sai a hankali. Sau huɗu yake ci a rana, in ya jima bai ci ba sukarin jininsa ya faɗi ya langaɓe. Maɗigarsa ba ta haɗe ba, likita ta ce kada ya diro ko daga kujera. Ba a ɗaura masa igiya a wuya don maƙogwaronsa ba ƙwari, wata 'yar shara ake sa masa a ƙirji. Daren 5 ga Nuwamba da suke wasan wuta, mai gadin nawa cikin rigata ya kwana yana karkarwa. In ya yi bayan gida a titi, jikanki mai digiri biyu ne ke sunkuyawa da leda ya kwashe. Auta, na ji dariyarka, za mu haɗu.

Amma ga wani abu. Layinmu kowa kansa a ƙasa yake wucewa, ko tari ba a yi maka. Yanzu in na fito da Zaki sai an tsaya. Tsohuwar da gidanta ke kallon nawa, wadda a da ko hannu ba ta ɗaga mini, ta saƙa masa riga, kuma ita ke riƙe shi in ina aikin dare. Sunansa suka sani, ni baban Zaki ne kawai, na kuma karɓa. In na dawo da asuba na sa makulli, akwai mai tsalle a bayan ƙofa. Da Hausa nake yi masa magana, don kada bakina ya yi tsatsa kafin in dawo mu ci gaba da faɗa.

Ɗakin da nake salla ba ya shiga, kwanonsa daban, ki kwantar da hankalinki. Kuka da daddawa sun ƙare, a ba mai tahowa. Kilishi kuwa kada a sako, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Don girman Allah kada labarin nan ya kai kunnen Kawu Liman, bari in zo in faɗa masa da bakina.

Naki har kullum,
Angonki na Ingila