Baba Ya Ce a Kai wa Mai Walda

Wandona na kan igiya bai gama tsanewa ba nake wannan rubutu, don haka a yi mini uzuri in na yi sauri.

Keken tsere ne na gwanjo, na tsinto shi a jingine cikin tarin kekunan yara da aka sauke daga Turai. Sunan kamfanin ya goge, amma ƙirar ba ta ɓuya: baƙaƙen bututu na zaren kabon, an cusa bakin kowanne cikin mahaɗa ta alminiyam an liƙe da gam. Haka aka yi ta ƙera su a ƙarshen shekarun 1980, kafin a koma zuba firam ɗin gaba ɗaya. Irin wannan ƙira Greg LeMond na Amurka ya hau ya cinye Tour de France a 1986. Mai gwanjon bai san LeMond ba. Ya ce keke ba kariya, ba ƙararrawa, sai ya rage mini kuɗi.

Zaɓen kaya shi ya cinye mini barci da data. Tazarar da ƙafar baya ke zama milimita 126 ce, ƙafafun da suka zo daga baya kuwa 130 ne. Da keken ƙarfe ne, sai a ɗan buɗa shi da ƙarfin tsiya ya karɓa, amma na gam ba a yi masa haka. Na bi na haɗo tsofaffin kayan Shimano 600 masu giya bakwai, da ƙananan sandunan canza giya da ake ɗaurawa a bututun ƙasa, da siraran tayoyi masu bawul irin na Presta, wanda babu famfon da ya san shi a unguwarmu. Saura abu guda. Baturen da ya hau keken dogo ne, ni kuwa Allah bai yi ni haka ba, sandar sirdin kuma ta ce ba inda za ta. Shekara da shekaru ba giris, ga gumi ga ruwan sama, alminiyam ya yi wannan farin garin da yake yi, ya kumbura ya kama ɗan'uwansa.

Na kai keken wurin mai gyaran keke a gindin darbejiya. A kan bencinsa akwai wani dattijo, tsohon masinja, wanda ba gyara ya kawo ba, zaman nasa ke nan kullum. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga keken, ya ajiye, ya dube ni da tausayi.

"Yaro, nawa ka ba su?"

Na faɗa.

"Inna lillahi. Roba suka sayar maka. Keke ai nauyi ne. Raleigh ɗina, in ya faɗo maka a ƙafa sai an kira mai ɗori."

Na ce, "Baba, kabon ne. Da shi ake ƙera jiragen sama."

Ya ce, "To ka hau jirgin mana."

Da ya ji matsalar sirdi sai ya gyara zama. Ya ce a zuba kananzir. Ya ce in kananzir ya ƙi, a zuba lemon kwalba, baƙin, a bar shi ya kwana. Ya ce a'a, duk ɓata lokaci ne, a kawo garwashi daga wurin mai shayi a gasa wurin, shi da wuta ya taɓa kwance notin da ya gagari bakanike uku. Na yi masa bayani a tsanake cewa zafi sassauta gam yake yi, kuma gam ne kaɗai ke riƙe da keken nan. Na ji daɗin bayanin nan ƙwarai. Har mai gyaran ya gyaɗa kai.

Dabarata ta masu ilimi ce. A cire ƙafafu, a kifa keken, a damƙe kan sandar a bakin ƙarfen matsi da ke jikin teburin mai gyara, sannan a kama firam ɗin a murɗa, tsawonsa ya ba ka ƙarfi. Mai gyaran ya ce, "Yallaɓai, a hankali dai." Na naɗe hannun riga. Daidai lokacin aka taso 'yan Islamiyya, suka yi mana zobe.

Na murɗa, shiru. Na kafa ƙafa ɗaya a jikin teburin, na yi bisimilla, na ja da duk tuwon da na taɓa ci.

Ƙas!

Ku tsaya a nan, don ni ma a nan nake tsayawa duk lokacin da na rufe ido. Tsakanin ƙarar nan da abin da ya biyo baya akwai ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, wanda a cikinsa na yi farin ciki. Abu ya saki, na ji shi a hannuna. Har na fara juyo da fuska wajen Baba, bakina ya ɗauko "ka gani ko?" Da wannan murmushin na tafi da baya. Ashe ba sandar ce ta saki ba, mahaɗar ce ta yi sallama da bututun da ta riƙe tun ina firamare. Firam ya biyo ni, ƙafar da na kafa ta yi sama, takalmi ɗaya ya yi wajen mai shayi, ni kuma na zauna daram cikin bahon da ake gwada tib. Ruwan nan ba na jin an taɓa sauya shi. Ya yi tsalle ya dawo ta wuyan rigata. Gwiwoyina suna daidai kunnuwana, firam a rungume a ƙirjina, murmushin kuma, in ji yaran, yana nan bai gushe ba.

Ba wanda ya yi dariya da fari, abin da ya fi ciwo ke nan. Wata 'yar mitsitsiya mai allo ta ce, "Sannu, Kawu." Sai wurin ya fashe.

Baba bai yi dariya ba. Ya taso ya wuce ni ina cikin bahon, ya leƙa bakin bututun, ya lakato farin garin ya shinshina.

"Ƙaramin abu ne. A kai wa mai walda."

"Baba, ba a yi wa kabon walda. Zare ne da gam."

"Zare? To a kai wa tela."

Mai gyaran ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Baba ya ci gaba. In an ƙi tela, a sayo sufa gulu a barbaɗa masa yashi, a yanko tsohon tib a ɗaure tamau, ya rantse zai kai ni Wudil ya dawo da ni. Sai ya sunkuyo ya rage murya, don kada yara su ji:

"Da ka bari an gasa shi, yaro, da yanzu kana gida."

Saboda haka ina da kayan Shimano 600 na sayarwa, giya bakwai, da tayoyi biyu da ba su taɓa taka ƙasa ba. Mai so ya neme ni. Sandar sirdin ma zan bayar kyauta, amma da mahaɗarta za a ɗauka, don har yanzu ba ta fito ba.