Sadaka Mai Ƙarfin Dawaki 700

Daga cikin al'adun da masu hannu da shuni na Turai da Amurka suka ƙago a ƙarni na 20, da wuya a sami wadda ta haɗa tausayi da ƙarar salansa kamar ranar gidauniyar masu motocin gudu, wato yinin da mamallaka Ferrari da Lamborghini da Porsche kan keɓe domin tara wa mabuƙata kuɗi, tare da tabbatar da cewa duk wanda ke ƙauyukan kewaye ya ji labarin alherin da kunnensa. Motar gudu mota ce mai kujera 2 wadda ke rarrafe dab da ƙasa kamar ƙadangare, ana kuma auna injinta da ƙarfin doki, ma'aunin da James Watt ya fito da shi a ƙarni na 18 don kwatanta injin tururi da dawakin da ya zo ya gada. Wasu daga cikinsu na da ƙarfin dawaki 700, adadin da zai cika filin hawan daba, amma ba su da wurin ajiye rabin buhun gero.

Tushen al'adar wata matsala ce da talaka ba zai taɓa ɗanɗana ɗacinta ba. Motar da aka ƙera don ta zarce kilomita 300 a awa, in ta hau babban titin Birtaniya doka ba ta yarje mata fiye da mil 70 ba, wato wajen kilomita 112, ga kuma kyamarori da ba su san ɗan wane ba. A cikin gari lamarin ya fi muni, domin tun 2015 ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ta birnin Landan ta sa tara a kan masu tayar wa mazauna unguwa hankali da rurin inji. Mai irin wannan mota ya zama tamkar wanda ya sayi ingarma ya ɗaure shi a soro, kullum ana ba shi harawa, ba wurin sukuwa, ba kuma 'yan kallo. In ya fito don nuna ta kawai, sai ya sha harara da tsaki. Amma da zarar an rataya sunan asibitin yara a ƙofar fili, wannan taka totur ɗin da jiya aka kira rashin tarbiyya sai ya koma aikin lada. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Shirin kan fara ne da kafa kwamiti, kuma kwamitin kan yanke shawarar ƙungiyar da za a taimaka cikin 'yan mintuna, saboda yara marasa lafiya ba su da abokin gaba. Zaɓen wuri ma ba ya ɗaukar lokaci, tunda Ingila ta gaji filayen jiragen yaƙi daga Yaƙin Duniya na Biyu waɗanda aka mayar fagagen tsere, irin su Goodwood da kuma Silverstone, inda aka yi tseren farko na gasar duniya ta Formula One a 1950. Rana ita ce ke da ɗan wuya, don a ƙasar da ruwan sama ba ya neman izini akwai mambobin da motarsu ba ta taɓa jiƙewa ba, ba kuwa marayu ne za su sa ta fara ba.

Inda ake kai ruwa rana shi ne tsarin ajiye motoci, wanda ilimi ne mai zaman kansa da ya fi jera sarakai a rumfar biki sarƙaƙiya. Wajibi ne a san wadda za ta tsaya bakin ƙofa, inda masu ɗaukar hoto ke fara sauke gajiya, da wadda za a tura kusa da banɗaki. Ba a haɗa Ferrari da Lamborghini kafaɗa da kafaɗa ba tare da nazari ba, saboda gabar gidajen biyu ta girmi yawancin masu motocin: labarin da aka fi bayarwa shi ne Ferruccio Lamborghini, mai ƙera taraktocin noma, ya kai wa Enzo Ferrari ƙorafi kan kulocin motarsa, amsar da ya samu ba ta yi masa daɗi ba, sai ya kafa nasa kamfanin a 1963. Mai Porsche kuwa, wanda a unguwarsu shi ne sarki, yakan iso ya tarar an jera irin tasa rututu a bayan fili kamar tasi a tasha, ya yini yana bayyana wa duk mai saurare cewa launin tasa ba a yi shi da yawa ba.

Babbar hanyar samun kuɗin ita ce abin da ake kira ɗanin mafarki, ma'ana mutum ya ba da gudummawa a ɗana masa motar na ɗan lokaci, mai ita na tuƙi. Ƙungiyar Sporting Bears, wadda aka kafa a Birtaniya a 1989, ta shahara da wannan, kuma adalci ne a faɗi cewa kuɗin da take tarawa na isa ga ƙungiyoyin taimakon yara, masu motocin kuma su ke sayen mansu. Sai dai mai nazari ba zai kasa lura ba cewa wannan ce kaɗai sadakar da mai bayarwa ke biya domin a tsorata shi, ya shiga yana murmushi ya fito yana neman abin dafawa. Fitar ma darasi ce, domin motar an zana ta ne don saurayi mai laushin gwiwa, kuɗinta kuwa sai dattijo, shi ya sa akan ga attajiri ya fara sako hannu ƙasa kafin ƙafa, 'yan kallo kuma su kau da kai don girmamawa.

Lissafin yinin abu ne da ladabi ya hana a yi shi da babbar murya. In aka haɗa abin da mai mota ya kashe a taya da mai da inshora da goge jiki, aka ajiye kusa da abin da ya jefa a bokitin gudummawa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gwamnati ma ba a bar ta a baya ba: a tsarin Gift Aid na Birtaniya, hukumar haraji na ƙara wa ƙungiya kwabo 25 a kan kowane fam 1 da mai biyan haraji ya bayar, masu babban albashi kuma su nemi ragi a nasu harajin, ta yadda direban bas da bai halarta ba shi ma ya yi tarayya a ladan bai sani ba.

A ƙololuwar wannan al'ada akwai gwanjo, inda sadaka ke kai matsayin da mai yin ta ke komawa gida da abin da ya bayar dominsa. A Disambar 2016 an sayar da LaFerrari ta 500 a kan dala miliyan 7 don waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a tsakiyar Italiya. A 2017 kamfanin Lamborghini ya ba Paparoma Francis, mutumin da aka sani da shiga ƙaramar Ford, farar Huracán. Ya sa mata hannu, aka yi gwanjonta a Monaco a 2018 kan Yuro 715,000, da niyyar wani kaso ya tafi sake gina garuruwan Kiristocin Iraƙi. Mafi ilimantarwa ita ce Ferrari Enzo ta 400, wadda aka ba Paparoma John Paul na Biyu: an sayar da ita a 2005 kan kimanin dala miliyan 1.1 don waɗanda bala'in tsunami ya afka wa, sannan a 2015 aka sake gwanjonta kan sama da dala miliyan 6, wannan karon ba don kowa ba.

Taro kan tashi da miƙa cek, ba na aljihu ba, wani ƙaton kwali ne mai faɗin ƙyauren ɗaki wanda babu bankin da zai karɓa, amfaninsa kawai lambobin su fito a hoto. Wanda ya saba da taron ƙaddamarwa na ƙasar Hausa, inda akan yi shelar miliyoyi a lasifika sannan ma'aji ya shekara yana sintiri a ƙofar gida, zai gane yanayin nan take, ko da yake a nan galibi kuɗin sun riga kwalin isa. Mutum 6 kan riƙe shi, kowa na ƙoƙarin kada ya tare motarsa daga kyamara. Bayan an watse sai a shiga neman yadda za a kai shi ofishin ƙungiya, kuma tunda ba ya shiga ko ɗaya daga cikin motocin da suka tara kuɗin, akan kwantar da shi a bayan tsohuwar Toyota ta matar da ta yini tana sayar da shayi.