Yadda Ake Ƙwato wa Kwamfuta Sunanta na Yanka daga Hannun Mai Masauki

Kowace kwamfuta da ke shiga netwok, wato haɗakar na'urori masu musayar saƙo ta waya ko ta iska, tana da sunan da 'yan'uwanta ke shaida ta da shi, kuma sunan nan daban yake da adireshin IP, wanda jerin lambobi ne irin su 192.168.1.23 da ke nuna inda za a same ta a wannan lokacin kawai. Hausawa kan ce suna linzami, kuma maganar ta zauna daram a kan na'urori, domin da suna ake kiran kwamfuta daga nesa, da shi ake ware mata wurin ajiyar kwafin fayilolinta, kuma shi ne ke bayyana a kan kowane layi na kundin da take rubuta abubuwan da suka same ta. A farkon zamanin intanet sunayen dukkan kwamfutoci a fayil guda suke, mai suna HOSTS.TXT, wanda wata cibiyar bincike a Kalifoniya ta Amurka ke kula da shi, har zuwa 1983 da Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS, wato kundin da ke fassara suna zuwa lamba.

Matsalar kan bayyana ne ba sallama. Mai kwamfuta ya raɗa mata suna, a ce "gwauron-dutse", ba rago ba goro, sun yi watanni kowa na amsa sunansa, sai wata safiya ya haɗa ta da Wi-Fi na ofis ko na makaranta, ya buɗe tagar umarni, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ya tarar a farkon layin, daidai inda sunanta ya saba zama, an rubuta "android-" da wasu haruffa da lambobi a hargitse, ko "dhcp-23", ko ma sunan wayar wani abokin aiki da ke zaune can ƙarshen ofis yana shan shayinsa bai san hawa ba bai san sauka ba. Shawara ta farko ita ce mai kwamfuta ya kwantar da hankalinsa, kada ya goge komai, kada ya ɗauke ta a guje zuwa shagon mai gyara, kada kuma ya fara hararar mai shayin, domin galibi babu hannun masu kutse a cikin lamarin, babu kuma bairos.

Mai hannu a ciki shi ne DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi ba tare da mutum ya sa hannu ba, wanda aka fara rubuta ƙa'idarsa a 1993, Ralph Droms ya sake fasalta ta a 1997. Aikinsa irin na mai masauki ne a garin fatake, kuma a gidaje da ƙananan ofisoshi yana zaune ne a cikin rauta, akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke rarraba intanet. Baƙuwar kwamfuta takan yi sallama ga duk wanda ke ji, mai masauki ya yi mata tayin ɗaki, ta ce ta karɓa, shi kuma ya tabbatar mata, matakai huɗu ke nan da ke ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Ɗakin haya ne mai wa'adi, kuma tare da lambarsa akan haɗo mata wasu bayanai masu lamba-lamba, kamar ƙofar fita zuwa intanet da adireshin kundin sunaye. Bayani na 12 a cikinsu shi ne suna. Ta wannan gurbi baƙuwa ke iya gaya wa mai masauki sunanta, ta nan ne kuma shi ma yake iya ce mata a gidan nan ga sunan da za a riƙa kiranta da shi.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan ban dariya. Idan mai masauki bai ba da suna ba, wasu kwamfutocin kan koma wajen kundin DNS su yi tambaya ta baibai, wato su miƙa lambar ɗakin da aka ba su, su nemi sanin sunan mai shi. Kundin kuwa yana iya kasancewa bai goge sunan ɗan hayar jiya ba, sai kwamfutar ta karanta abin da ta gani rubuce a ƙofa ta ɗauka nata ne, kamar baƙon da aka sauke a ɗakin da aka rubuta "Talatu" a jikin ƙyaure, ya wayi gari yana amsa Talatu da zuciya ɗaya. Ta haka ne sunan wayar mai shayi ya iso tagar umarni.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, domin a mafi yawan lokuta netwok ba ya ƙwace sunan da ya kafu, gurbin da aka bari fanko yake cikewa. A kwamfutocin Linux masu amfani da systemd, wato manhajar da ke tayar da sauran manhajoji idan an kunna na'ura, sunaye uku ne ba ɗaya ba. Akwai kafaffen suna, wanda ke rubuce a fayil ɗin /etc/hostname, shi ne sunan yanka. Akwai suna na wucin gadi da ake samowa daga netwok, shi ne laƙabin da unguwa ke maƙala wa baƙo, akwai kuma suna na ado da aka tanada domin idon mutum, wanda ya yi kama da kirari. Ƙa'idar ita ce idan sunan yanka yana nan kuma ingantacce ne, ba a waiwayar laƙabi. Sai dai manhajoji da dama na ɗaukar "localhost" a matsayin rashin suna, domin ma'anarsa ba ta wuce "wannan na'urar" ba, tamkar jaririn da har yanzu ake kira jariri bayan kwana bakwai sun shige.

Saboda haka binciken yakan fara da umarnin hostnamectl, wanda ke baje sunayen a fili. In aka ga layin kafaffen suna babu komai ko yana ɗauke da localhost, layin wucin gadi kuma yana ɗauke da baƙon sunan, to an gano tsagar. Magani shi ne a rubuta sudo hostnamectl set-hostname gwauron-dutse, inda kalmar sudo ke nufin ana magana da izinin mai gida. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin sukan yi amfani da tsohon umarnin hostname shi kaɗai, su ga suna ya canza, su yi hamdala, alhali wannan umarni ba ya rubuta komai a fayil, raɗa ce aka yi wa jariri a kunne ba shaidu, da zarar an kashe na'urar an kunna sai ta manta. Bayan haka ya kamata a leƙa fayil ɗin /etc/hosts, inda a nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu ake da layin da ya fara da 127.0.1.1, a gyara sunan da ke gabansa, in ba haka ba sudo zai riƙa ƙorafi a kan kowane umarni cewa ya kasa gano na'urar da shi kansa yake zaune a cikinta.

Idan bayan duk wannan laƙabin ya ci gaba da dawowa, sai a nemo ɗan aiken da ke shigo da shi, domin kowace kwamfuta na da manhajar da ke zuwa wajen mai masauki a madadinta, kuma kowacce da yadda ake ja mata kunne. Mafi yaɗuwa a kwamfutocin Linux na tebur da na cinya ita ce NetworkManager, wadda umarnin journalctl -u NetworkManager ke buɗe kundinta, a ga lokacin da ta canza suna da inda ta samo shi, ko daga DHCP ko daga tambayar baibai. Ana hana ta ne da rubuta hostname-mode=none a ƙarƙashin sashen main na fayil ɗin NetworkManager.conf. Ita kuwa systemd-networkd layin UseHostname=false take ji, a sashen DHCPv4, yayin da dhcpcd, wadda ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi suka daɗe suna amfani da ita kafin 2023, ke jin nohook hostname a fayil ɗin /etc/dhcpcd.conf. Wanda ya yi hayar kwamfuta daga kamfanonin da ke ba da haya ta intanet yana da ƙarin abokin gwagwarmaya mai suna cloud-init, wanda ke iya mayar da sunan da kamfanin ya bayar duk lokacin da aka kunna na'urar, sai an rubuta masa preserve_hostname: true a /etc/cloud/cloud.cfg. Abin lura shi ne a gyara fayil ɗin ɗan aiken da ke bakin aiki, domin wanda ya kwana yana yi wa dhcpcd faɗa a gidan da NetworkManager ke zuwa aike ya yi asarar barcinsa.

Kwamfutocin Mac na kamfanin Apple sun fi kowa saurin amsa sunan Talatu, saboda su ma sunaye uku gare su, ComputerName da LocalHostName da HostName, kuma na ƙarshen yakan zo a wofi daga kamfani. Umarnin scutil --get HostName zai nuna ba a sa shi ba, sudo scutil --set HostName gwauron-dutse kuma zai toshe gurbin, sai a rufe tagar umarni a sake buɗe ta. Lambar 2 da wani lokaci kan maƙale a ƙarshen sunan Mac wata magana ce daban, alama ce ta cewa na'urar ta zaci ta yi takwara a netwok ɗin, sai ta ƙara wa kanta lamba domin a bambance su.

Zaɓen sunan kansa yana buƙatar kulawa ta musamman daga Bahaushe, domin ƙa'idar da aka kafa a 1985 aka faɗaɗa a 1989 ba ta yarda da komai ba sai haruffan boko marasa ƙugiya daga a zuwa z, da lambobi, da karan ɗori a tsakiya, kuma kowace gaɓar suna ba ta wuce haruffa 63. Wannan na nufin ɓ da ɗ da ƙ ba su da wurin zama a sunan yanka, don haka kwamfutar da aka so kira Ɗanƙwairo dole ta amsa "dankwairo", abin da ba ya yi wa mai kishin harshe daɗi ko kaɗan. Sauƙin da ke akwai shi ne suna na ado yana karɓar ƙugiya da tazara da manyan haruffa, kuma umarnin hostnamectl set-hostname --pretty ne ke sa shi.

Akwai gidajen da ba a jayayya da mai masauki. A manyan ofisoshi da jami'o'i da cibiyoyin ajiyar bayanai, masu kula da netwok kan raba sunaye ta DHCP da gangan domin ɗaruruwan na'urori su dace da abin da ke cikin kundinsu, kuma wanda ya kafe a kan nasa sunan a irin wannan wuri yana iya yanke kwamfutarsa daga ajiyar kwafi ko daga masu duba lafiyarta, don haka ladabi shi ne ya je ya roƙi mai kula da netwok ya gyara daga can. A gidan mutum kuwa, inda rautar tasa ce, yana iya shiga shafinta ya keɓe wa kwamfutar ɗaki na dindindin ta hanyar ɗaure lambar katin netwok ɗinta da adireshi guda da suna guda. Gwajin da ke tabbatar da aiki ya yi shi ne a kashe kwamfutar a kunna, a duba sunan, sannan a ɗauke ta a koma Wi-Fi ɗin da abin ya fara faruwa, a zauna kusa da mai shayin, a buɗe tagar umarni a karanta farkon layin.