Baƙin Matan Fada, Kowa da Irin Nasa

Kogin Matan Fada a rufe yake kusan duk shekara. Ba mai jefa koma, ba mai zura homa, sai ranar da aka buga bindiga aka ce a faɗa. Daga nan dubban masunta su runtuma a guje, kowa da goransa da homarsa, su yi kimanin awa guda a ruwa, shi ke nan an tashi. Don wannan awa ɗaya ake cika motoci daga Kano da Kaduna da Legas, har da Dosso da Yamai, a nufi Argungu cikin watan Fabrairu ko Maris. Abin da masu sharhi a rediyo ba sa faɗa shi ne, kaɗan ne cikin baƙin ke ganin kamun kifin da idonsu. Kowa yana da abin da ke ɗauke masa hankali a daidai lokacin.

A fara da babban baƙo, don shi ba za a ce ya yi shisshigi ba. Asalin bikin ma don baƙo aka yi shi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya sa aka yi su don karrama shi. To har yau ba a faɗa ruwa sai manya sun zauna. Jirgin babban baƙo kan sauka a Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, a kwaso shi da jiniya. Masunta kuwa tun da sassafe suke tsugune a hayin kogi, rana na dukansu, suna jiran a gama jawabin maraba, a kuma gama godiya ga wanda ya yi jawabin maraba. Wani lokaci haƙuri kan ƙare. Wani ya ji wata ƙara mai kama da ta bindiga, ko dai ya ce ya ji, sai kawai a ɓarke da gudu. Babban baƙo yana tsaka da "ina mai matuƙar farin ciki", ya ɗaga kai ya tarar ba mai sauraronsa sai ɗan sandan da ke tsaye a bayansa. Da ya koma kujera kuma, masu ɗaukar hoto da masu tsaron lafiyarsa sun tokare masa gaba, ƙeyoyinsu kawai yake kallo. A ƙarshe a jawo giwan ruwa a shimfiɗa a gabansa, ya tattare hannun babbar riga, ya dangwali kifin da yatsa ɗaya, wani ya yi maza ya miƙo masa ruwan wanke hannu. Kashegari jaridu su ce ya yaba ƙwarai da al'adunmu na gargajiya.

Yana da jela, wato 'yan rakiya. Su kam ba su taɓa yin da'awar kifi ya kawo su ba. Idonsu na kan ƙofar da ake shigo da abincin rumfar manya.

Sai mai waya. Wannan ya sami wuri mai kyau a gaba-gaba, ya sha ture da tsawar 'yan doka kafin ya same shi, amma da bindiga ta tashi sai ya juya wa kogin baya, ya ɗaga waya sama don fuskarsa ta fito tare da masunta. Haka zai yi ta gyara hula yana neman inda haske ya fi kyau har a busa tashi. Bayan nan ya nemi wani yaro mai riƙe da tarwaɗa, ya ba shi ɗan abin goro ya ara masa ita, ya miƙo ta kusa da waya don ta yi girma. Kafin la'asar hoton ya hau Facebook da rubutun "Alhamdulillahi, an yi nasara". Kayansa fes, ko ɗigon taɓo babu.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne ɗan Bahar Rum. Ya taɓa yin karatu ko wani ɗan kwas a Masar, aka kai su Iskandariya yawon buɗe ido, tun daga lokacin duk ruwan da ya gani sai ya auna shi da wancan teku. Da gajeren wando yake zuwa, da baƙin tabarau, da tawul a kafaɗa. Yana sauka daga mota zai dubi Matan Fada ya ce, "Wai wannan ne kogin? A can fa ba ka ganin ƙarshen ruwan." Zai ba ka labarin kujeru da lema jere a bakin teku, da gidajen abincin da ake shimfiɗa kifi a kan ƙanƙara, ka nuna wanda kake so a gasa maka da man zaitun da lemon tsami, kana ci iska tana kaɗa ka. Ba ƙarya yake ba, kuma in don ta inuwa da wurin zama ne, yana da 'yar gaskiyarsa. Matsalarsa ita ce yana son ya gwada abin a nan. Sai ya shimfiɗa tawul a kan yashi, ya tuɓe riga, ya kwanta rigingine a ranar Maris ta ƙasar Kabi, ranar da ko jaki neman gindin bishiya yake. Ba a jima ba mutane sun kewaye shi. Wani dattijo ya duƙa ya ce, "Ɗana, lahiya? Ko a kira motar asibiti?"

Da yunwa ta kama shi ya nufi rumfar mai tuya, ya tambaya ko akwai takardar jerin abinci. Matar ta dube shi, ta dubi kaskonta, ta ce, "Kihi na, ga shi kana gani. Na nawa kaka so?" Ya nemi cokali mai yatsu, aka nuna masa buta. Ya zauna a kan benci yana ƙunƙuni, aka kawo masa ragon ruwa da zafinsa a kan takardar buhun siminti, an barbaɗe shi da yaji da albasa. Daga lomar farko ba a sake jin sunan Iskandariya ba, sai da ya nemi ƙari sau biyu. A lokacin nan kuwa an buga bindiga, an kama, an auna, yana can yana tsotsar kan kifi.

Akwai kuma Sarkin Ruwan kan tudu. Garin yana da Sarkin Ruwansa na gaske, wanda ke shiga tun kafin ranar ya yi abin da ya gada, kuma Kabawa sun yarda shi ke sa kadoji su ba da wuri. Amma wannan da nake faɗa ko a kududdufi bai taɓa iyo ba. Yana tsaye a kan tudu da carbi a hannu yana ba masunta umarni daga nesa: "Kai, yi dama! Ga shi can! Kash, wannan bai iya ba." Da ido yake auna kifi. Aka fito da giwan ruwa zai ce kilo 90 ne, sikeli ya nuna 40, ya ce an taɓa sikelin. Ya haddace tarihi kuma ba ya bari a huta: kifin 2005 kilo 75 ne, sai da ƙarti huɗu suka ɗaga shi, na 2020 kilo 78. Amma abin da ya fi so a duniya shi ne labarin 2008, shekarar da aka gano kifin da ya ci gasa ya daɗe da mutuwa, daga wani wuri aka kawo shi aka cusa a ruwa, har aka ƙwace kyautar aka kama mutumin. Tun daga nan ba kifin da ya yarda da shi. Kowanne aka fito da shi sai ya matso kunnenka ya ce, "Dubi idonsa. Wannan ya kwana." Shi dai ya kalli kogin, amma duk wanda tsautsayi ya sa ya tsaya kusa da shi bai ga komai ba sai yatsarsa.

Maciyi bai ɓoye wa kowa niyyarsa ba. Tun a hanya ya ƙi karya kumallo don kada ya ɓata wuri. Ya san sunayen kifi fiye da sunayen 'ya'yan ƙannensa: karfasa ta soya ce, tarwaɗa ta farfesu, kurungu sai mai haƙuri, yauni kuwa in ka samu kada ka tambayi kuɗi. Da safe ya fara da masa, da hantsi tuwon shinkafa da miyar kifi, ya ɗora fura da nono don ya danne, sannan ya koma layin masu tuya ya fara daga wannan ƙarshe. Yana da ra'ayi a kan man kowace mata, ya san wadda ta sake mai yau da wadda take kan na jiya. Ciniki kuwa sai ka ce gona zai saya. Ya ce a garinsu rabin wannan kuɗi ne, mai kifi ta ce to ya koma garinsu ya ci. Ya tafi, ya yi taku biyar, ya dawo. Ba ya taɓa tambayar kansa yadda aka yi kasko ya cika da kifi tun kwana biyu kafin a buɗe kogin. Ko daga Yawuri aka kawo shi, shi dai a bakin Matan Fada ya ci, kuma haka zai faɗa a gida. Lokacin da ake faɗa ruwa yana bayan rumfa, ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro, wani na dukan bayansa, wani na cewa a ba shi lomar tuwo ya haɗiye ba tauna, wata tsohuwa na cewa a juya masa akushi a ka. Da ƙayar ta wuce, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya ɗauke sauran kifinsa.

Matsoraci ya ga wasannin Kabanci, tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, sai zuciya ta ɗebe shi ya ce shi ma a zaga da shi. Kwalekwale na barin gaɓa ya tuna da kada, ya tuna da mutanen ɓoye, ya tuna bai bar wasiyya ba. Ya ƙanƙame gefen jirgi yana salati da ƙarfi, alhali yaran gari na tsaye kusa da shi ruwa iya cinyarsu.

Hajiyar tsaraba ba ta ma san inda kogin yake ba. Da takarda ta zo, ɗauke da saƙon maƙwabta da na kishiya da na surukai. Banda kwando-kwando, albasar Aliero, da shinkafa, tunda an ce mata garin ne mai katafaren injin casar shinkafa na WACOT da aka buɗe a 2017, don haka a ganinta dole buhu ya yi araha ko a hannun wa. Direba ya ce but ya cika, ta ce ai akwai cinyar yara.

Akwai wani bawan Allah kuma da ke zuwa ba a lokaci ba. Ya ji a rediyo cewa hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake tattalinsu a 2016, ya ɗauka kullum ake yi, bai san a shekarar ma ba a yi ba, don daga 2009 ba a sake faɗa ruwa ba sai 2020. Ya iso cikin damina ya tarar da fadama shar da shinkafa, gari tsit. Sai a kai shi Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mai da gidan tarihi a 1958, ya ga makaman yaƙi da tambura da kayan su da kaburburan sarakuna, a ba shi labarin Kanta da birnin Surame. In za a faɗi gaskiya, ya fi duk sauran ganin Argungu. Amma shi kullum cewa yake an cuce shi.

Na bar mai masauki a ƙarshe don shi ya fi kowa cancantar a yi masa jaje. Yawanci ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kebbi, mai ɗaki biyu da falo. Da an sa ranar biki sai wayarsa ta fara ruri. Wanda suka yi hidimar ƙasa tare, da ƙanin abokin yayansa, da wani da ya ce sun taɓa haɗuwa a ɗaurin aure a Gusau, duk sun tuna da zumunci. Otal-otal sun cika, a cewarsu, ko da yake ba wanda ya je ya tambaya. Uwargida ta koma ɗakin yara, yara suka koma gidan maƙwabta, shi ya koma cikin mota. Shi ne mai kai su, shi ne mai zuba mai, shi ne mai neman wanda ya ɓace a filin dambe. Sa'ad da ake kamun kifin yana can bakin titi yana gadin motoci da takalman mutane. Shekara da shekaru yana zaune tafiyar da ba ta fi awa guda ba daga Matan Fada, amma a talabijin ya san bikin.

Ranar tafiya su yi masa godiya har da hawaye, su ari kular uwargida don zuba kifi, su bar masa ƙarni a labule da katifa. Bayan isha'i waya ta yi ƙara: "Mun sauka lafiya, Alhaji, Allah ya bar zumunci. Yara sun ga hotuna sun ce ba su yarda ba. Baɗi in Allah ya kai mu da iyali gaba ɗaya za mu zo, sai mu taho maka da kular."