Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Mayonis

Zuwa ga Hajiya Mayonis,
Saman kanta, kusa da gwangwanin wake.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya a cikin kwalbarki, ya zafi? Na fara da wannan tambaya ne don na san ta fi shafarki fiye da kowa a gidan nan.

Ranki ya daɗe, dalilin wannan takarda shi ne in roƙe ki, cikin ladabi, ki ɗauki hutu daga madafina har damina ta kankama. Ba kora ba ce. Ni wace ce da zan kori wadda ba a ɗaurin aure, ba a suna, ba a walima sai da ita? Kin shigo ƙasar nan da ƙafar dama. In aka zuba dafa-duka da cinyar kaza, ba a gan ki a gefen faranti kin lulluɓe kabeji da karas ba, baƙi sai su koma gida suna cewa an yi musu rowa. Har ta kai yaran yanzu sun ɗauka ganye ba ya ciwuwa sai an yi masa wanka da ke. To, a nan muka raba hanya.

Hajiya, bazara ba lokacinki ba ne. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi yakan haura digiri 40. Wutar lantarki kuwa kin san halinta, ba sai na ɓata takarda ba. Firij ɗin gidaje da yawa tukwane ake ajiyewa a ciki. Ke kuma asalinki ƙwai ne da mai da ɗan ruwan kal. Zan yi miki adalci: muddin kina kwalba ba a buɗe ba, tsamin ruwan kal ɗin yana tsare ki. Matsalar tana farawa ne idan aka cakuɗa ki da dafaffen ƙwai da dankalin Turawa da kabejin da ke ta fitar da ruwa. Tsamin ya salance, ƙwayoyin cuta su samu masauki. Masana lafiyar abinci suna cewa irin wannan haɗi kada ya wuce awa 2 a waje, in kuwa zafi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. Yanzu ki tuna yadda bikinmu yake: an haɗa salak da hantsi, an rufe a roba, amarya ba ta fito ba sai bayan la'asar. Ki yi lissafin da kanki. Washegari in ciki ya ɗauki kiɗa, sai a ɗora wa zoɓo laifi, shi kuwa bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ga kuma nauyi. Fiye da rabin jikinki mai ne, babban cokali ɗaya naki yana kusan kalori 100. Mutumin da rana ta gasa tun safe, abin da jikinsa ke nema shi ne ruwa da ɗan tsami da ɗan gishiri, ba abin da zai kwanta masa a ƙirji ba.

Kada ki damu da wanda zai riƙe miki kujera. Mai kujerar na asali yana nan da ransa, sunansa Malam Ƙuli-ƙuli. Tun kafin a san ki ake kwaɗo a ƙasar Hausa, kuma shi ne limaminsa. Ba ya neman firij, ba ya tambayar ko an kawo wuta. A daka shi a turmi tare da barkono da gishiri, a tankaɗe, a zuba a kwalba busasshiya a rufe. Zai yi makonni yana jiran aiki. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada danshi ya taɓa shi. Ƙulin da ya yi fumfuna ko ya fara warin tsohon mai, bola ce makomarsa, domin fumfunar gyaɗa tana da guba mai cutar da hanta.

Bari in gaya miki yadda yake aikinsa, ko kya rage jin kai. A samu zogale ɗanye, a tsinke ganyen daga tsinkayensa, a wanke, a dafa har ya yi laushi, a juye a kwando ya tsane, a matse da hannu. Wasu sukan jefa kanwa don ya yi saurin nuna. Ni ba na yi, saboda kanwa tana kashe wani ɓangare na amfanin ganyen, kuma tana ɓata ɗanɗano in hannu ya zarce. Sai a yanka albasa da tumatir, a barbaɗa garin ƙuli ba tare da tsoro ba, a zuba ɗan man gyaɗa, a matse lemon tsami, a cakuɗa. Lemon nan ba don daɗi kawai ba ne, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye. Man kuma shi ke sa jiki ya amfana da bitamin A na zogale da karas. Kin ga ashe mai kaɗan ake buƙata, ba sai an yi ambaliya ba. Rama ma haka ake mata, sai dai ita da tsaminta take zuwa, don haka a tafasa a zubar da ruwan farko, lemon kuma ya huta. Lansir ɗanye ake yanka shi, yajinsa ya isa. Wanda yake son ya ƙoshi sosai ya jiƙa garin kwaki kaɗan ya haɗa, rana ta faɗi bai nemi tuwo ba.

Kuma kada ki ce ai wannan abincin ƙauye ne. A Yamai kwaɗon zogale, wanda Zabarmawa ke kira kopto, manya da ƙanana ke layin sayensa, balle da azumi. A Sudan suna da nasu haɗin na tumatir da albasa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da lemon tsami. Duk inda rana ke dukan mutane a wannan yanki, gyaɗa da tsami suka riƙe, ba su jira jirgin ruwa ya kawo musu ke ba.

Ki isar mini da saƙo ga ƙawarki latas. Ita ma 'yar hutu ce. Da hunturu takan cika kasuwar 'Yan Kaba, ganye shar, a ba ka tuli da kuɗi kaɗan. Zafi na shigowa sai ta miƙe ta yi tsiri tana neman fure, ganyen ya yi ɗaci, farashi ya tashi. Ba na jayayya da ita. Kabeji ya fi ta juriya, ko na Jos ne ko na fadamunmu. A yanka shi siriri, a haɗa da karas gurzajje da koren tattasai, ƙuli ya hau, magana ta ƙare. Tumatir shi ma daga Kadawa da Kura yakan yi araha a tsakiyar rani, ya fara tsada da ƙaratowar damina. A 2016, lokacin da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, an sha wuyar miya, amma kwaɗo bai tsaya ba, albasa da lemon tsami suka rufa asiri. Albasa kuwa, ko ta Aliero ko ta Galmi, in ta cika yaji a yanka ta a jiƙa a ruwan lemon na ɗan lokaci, za ta sauko.

Sarkin bazara dai kokwamba ce, da ɗan'uwanta gurji. Kusan duk jikinta ruwa ne. A yanka, a barbaɗa ƙuli mai yaji, shi ke nan, ko wuta ba a hura ba. In kuma wani ya dage sai ya ga fari mai kauri a faranti, don idonsa ya saba da ke, kindirmo yana nan: a yanka kokwamba ƙanana, a zuba kindirmo, ɗan gishiri, ɗan tafarnuwa da na'a-na'a. Wake dafaffe da ya huce, da albasa da tumatir da mai da lemon, ya fi na gwangwanin da kuke tafiya tare, wanda ake zuba wa sukari. Mangwaro mai ɗan tauri da yara ke ci da gishiri da barkono a bayan gida, in aka yanka shi a faranti aka sa masa albasa, babu baƙon da zai raina.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu, kuma ke ma ba ki taɓa iya gyara su ba, sai dai ki rufe. Na farko wanki. Wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake yi musu ban-ruwa, amai da gudawa kuwa ba ya duba tsadar abin da aka zuba a kan ganye. A ware ganye ɗaya-ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta, a jiƙa da gishiri ko ruwan kal, a ɗauraye, a bar shi ya tsane. Wannan yana rage datti ne, ba ya kashe komai da komai, shi ya sa ga ƙaramin yaro da mai juna biyu da marar lafiya na fi natsuwa da ganyen da ya ga wuta. Na biyu lokaci. Gishiri yana janyo ruwan kokwamba da tumatir, in aka sa da wuri sai a tarar da tafki a kwano. A yanka komai a rufe, sai an shimfiɗa tabarma a haɗa, a ci a cinye. Kwaɗo ma in ya wuni a rana lalacewa yake yi; bambancinsa da ke shi ne cakuɗa shi ba ya ɗaukar minti goma, don haka babu dalilin haɗa shi tun safe.

In kin dawo, za mu zauna mu yi sabuwar yarjejeniya: cokali ɗaya, a kan tebur, a gaban mai ci. Kafin nan, ragowar rabin kwalbarki zan aika wa maƙwabciyata mai sola, can za ki fi samun kulawa. Ki gaida latas.

Wassalam.

Taki mai girmama ki daga nesa,
Wata uwargida a Kano.